Tabon da Ke Kan Faifan Birkin Faisal

Jiya wani yaro ya shigo warsha, wato garejin da nake aiki a Aƙiƙ ta Madina, da waya a hannu, ya miƙo mini ita har tana neman taɓa mini hanci. Wai in kalli yadda ake canja birki a cikin ɗan lokaci. Wani Bature ne a garejin gidansa, hannunsa fes kamar na ango. Yaron ya ce shi ma zai iya, abin da yake so kawai in ara masa jak da sifana. Na ce jak na nan, sifana na nan, amma ya fara gaya mini wanda ya zaɓa ya yi masa wanka in ya mutu. Ya yi dariya, abokansa suka taya shi. Ni ban yi ba. Shi ya sa na zauna zan gaya muku wannan labari, ku samarin da kuke ɗauka aikin birki kwance noti ne da ɗaure noti. Kuna ɗora motoci a kan satha, motar ɗaukar motoci, kuna kai su filin tsere, halba kamar yadda kuke kiransa, kowa na zancen abin da zai sa motarsa ta yi gudu, ba mai zancen abin da zai tsayar da ita.

Sunana Haruna. A Gadarif ta Sudan aka haife ni. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai zo Hajji, ya tsaya noman dawa a hanya don ya tara guzuri, tsayawar da bai tashi ba ke nan. Ni ne na ƙarasa masa tafiyar. Na shigo Madina ina saurayi, yau gemuna ya yi fari, kuma ban taɓa zama ɗan ƙasa ba. Zamana a garin nan rataye yake a jikin iƙama, ita kuma iƙamar tana hannun kafil, wato mutumin da kake aiki a ƙarƙashin sunansa. Ba na ɓoye wa kowa burina: ina so in mutu a Madina a kai ni maƙabartar Baƙi'a. Ku riƙe wannan a ranku, don in ba haka ba za ku yi mamakin yadda mai baki irin nawa ya taɓa yin shiru.

Aikin farko da aka ba ni a garin nan, wata bas ce ta ɗaukar alhazai, an cire mata taya huɗu an ɗora ta a kan ƙarafa. Maigidana a sana'a, Usta Jibrin mutumin Abeche ta Cadi, Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini burushin waya ya nuna mini mazaunin faifai, wurin da faifan birki ke kwanciya kafin a sa taya. Ya ce in goge tsatsar har sai na ga fuskata. Na goge, ya zo ya shafa da yatsa ya ce saura. Na sake, ya ce saura. Watanni na yi ba a ba ni wani aiki ba sai wannan, har na fara zaton tsohon ya tsane ni ne. Ran nan ya ɗauko ɗan ɓawon tsatsa wanda bai kai ƙwayar riɗi ba, ya maƙala shi a mazaunin, ya ɗora sabon faifai a kai, ya kafa agogon awo ya juya faifan da hannu. Allurar agogon ta riƙa rawa. Ya ce abin da allurar nan take yi, shi sitiyari zai yi a hannun direba yana gangarowa da mutane cike da mota. Shi ne kuma ya hana ni ɗaure notin taya da bindigar iska. Har yau da sifana mai awo nake ɗaurewa, noti ɗaya nan, ɗaya can ƙetare, ko da mai mota zai tsaya a kaina yana duba agogonsa.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini mota daga halba yana cewa birkinsa na ƙara. Da na cire taya sai na ga faifai mai huji-huji, irin wanda kuke so saboda ana hango shi ta cikin taya yana ƙyalli. Daga bakin kowane huji tsaga ta fita kamar gashi, wasu har sun kama hanyar haɗewa da juna. Kyan ɗan maciji ke nan. Faifai, hubat da kuke cewa, aikinsa ya sha zafi ya zubar. A cikin gari kana taka birki jefi-jefi, a gaban danja ko in wani ya yanko maka, ƙarfen na samun hutu. A halba kuwa taka ne mai ƙarfi daga gudu mai yawa, kafin ya huce ka sake, ka sake, har ƙarfen ya yi ja. Duk inda aka huda ƙarfe an ba tsaga ƙofa, kuma an rage masa naman da zai riƙe zafi. Don haka ni faifai biyu na sani na filin tsere: sumul wanda ba a yi masa komai ba, ko mai 'yan tsagi a fuska da ke share ƙurar takalmin birki. Ina ɗaga shi in ji nauyinsa. Ina leƙa hanyoyin iskar da ke tsakiyarsa, don wasu an karkata su, akwai na dama akwai na hagu, in ka juya su ka sa kowanne a gefen ɗan'uwansa ka toshe masa numfashi. Ina auna kaurinsa, in ya kai ƙarshen abin da aka rubuta a jikinsa, to ba ruwana da cewa yana da kyan gani, bola zai tafi.

Takalmin birki kuma, fahmat ɗinku, na tsere daban na gari daban. Na tsere ba ya kamawa sosai sai ya ɗauki zafi. Da sanyi ihu yake yi yana cin faifai, ka kai mahaifiyarka Harami da shi ta tambaye ka ko motar ta lalace. Na gari kuwa in ka kai shi halba, zagaye kaɗan zai ƙone ya yi santsi, ka taka feda ka ji ta da tauri amma mota na tafiyarta. Ga man birki da kowa ke mantawa da shi. Tsohon mai ya sha ruwa, in ya yi zafi tafasa yake yi, feda ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Duk wannan ba shi ne ke ba ni haushi ba, don abu ne da kuɗi ke saya. Abin da kuɗi ba ya saya shi ne aikin da ke biyo bayan ɗaurawa, wanda muke kira zaunar da birki, kuma a kansa ne na rasa wurin da na yi fiye da rabin rayuwata.

Wurin nan warshar Abu Faisal ce. Usman ne sunansa, Bahaushe ɗan ƙasa, kakanninsa sun zauna a Madina tun kafin a san mota. Gidansa a Ƙurban, yana kuma da 'yar gonar dabino can bayan Ƙuba inda dattawa ke taruwa a bakin ƙofa ranar Alhamis bayan la'asar. Shi ne kafil ɗina tun bayan rasuwar Usta Jibrin. Shekarar annoba mun ga ta kanmu tare. Umra ta tsaya, bas-bas suka yi layi a rana, faifansu suka yi tsatsa har takalmi ya manne. Muna zaune a warsha ba mai shigowa sai kyanwa. Ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya, ni na tsaya, shi ma bai kore ni ba, wannan gaskiyarsa ce ba zan danne ba. Da aka buɗe gari, samari masu zuwa halba ne suka fara dawo mana da numfashi. Suna zuwa ne saboda sunana, don an san in Haruna ya ɗaura birki ba ya rawa.

Abu Faisal na da ɗa namiji guda ɗaya. Faisal yana jin Hausa sarai amma ba ya mayarwa sai da Larabci, kuma abin nan na ci wa ubansa tuwo a ƙwarya. Sau da yawa ya zauna a kan benci a warsha yana yi mini ƙorafi, wai yaron zai wuce abokan ubansa a mota ya ɗaga musu yatsu biyu ta taga kamar sa'anninsa, bai san a tsaya a tambayi gajiya da iyali ba. A shekarar da ta biyo bayan annoba Faisal ya sayi wata baƙar mota mai ƙofa biyu, ya ce zai kai ta wani filin tsere wajen Riyad tare da abokansa. Ya zo mini da hoton faifai mai huji. Na ce ba da hannuna ba. Muka yi ta ja, yana Larabci ina Hausa, har ya gaji ya bar ni na zaɓa masa mai tsagi, mai nauyi, da takalmin tsere da sabon mai. Na wanke faifan na cire man da ake shafa musu don tsatsa, na goge mazauni har na ga fuskata, na kafa agogon awo a kowace ƙafa. Allura ba ta motsa ba. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan tsafta ba.

Ƙa'idata ita ce ni nake fita da mota in zaunar da birki. Faisal ya ce ba mahaluƙin da zai riƙe sitiyarin motarsa, kuma ba ya son kowa a gefensa. Ɗan maigida ne, sai na tsayar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce sabon faifai kamar sabuwar tanda ne, ba a zuba mata ƙullu sai an ƙona ta da mai ta sha ko'ina daidai. Ka nemi hanyar da ba kowa. Ka ɗauki matsakaicin gudu, ka taka birki a hankali har mota ta rage sosai, ka saki ka sake ɗaukar gudu, ka yi ta maimaitawa don ƙarfe ya ɗumama. Sannan ka ƙara gudu ka riƙa takawa da ƙarfi, amma kada ka kai inda feda za ta fara bugun ƙafarka. Za ka ji wari, wataƙila ka ga hayaƙi, kada ka tsorata, takalmi ne yake shafa jikinsa a kan faifai, abin da ake so ke nan. Daga nan ka ci gaba da tafiya ba tare da ka taɓa birki ba, iska ta shanye zafin. Na kama hannun rigarsa na ce abu ɗaya ne in ka yi shi ka kashe aikin: kada ka tsaya cak ƙafarka a kan feda faifai na da zafi, kada kuma ka ja birkin hannu. Takalmi zai manna jikinsa a wuri guda ya bar tudu, duk juyawar taya sai ya yi karo da tudun nan. Ya ce mini "Tayyib, tayyib, ya mu'allim," wato to, to, malam, yana kallon wayarsa. Ranar Alhamis ce, bayan la'asar ya fita.

Bayan kwana kaɗan wani ma'aikacinmu ya nuna mini bidiyo. Faisal ne a halba, ya kafa waya a cikin mota, yana taka birki kafin kwana sitiyari na girgiza hannunsa kamar mai masassara. Sai ya juyo da wayar fuskarsa ya ce ga aikin Haruna na warshar babansa, an sayar masa da lanƙwasasshen faifai, don ya ƙi yarda a sa masa wanda ya zaɓa. Kafin magariba bidiyon ya zaga wayoyin samarin Madina. Masu motoci biyu da ke jiran layi suka zo suka ɗauke abinsu. A unguwarmu ta Bani Harisa wani yaro da na ga ranar sunansa ya tambaye ni a bakin masallaci ko gaskiya ne idona ya fara mutuwa. Sunan da na gina da burushin waya, yaro ya rushe shi da babban yatsansa. Kuma a watan ne iƙamata take ƙarewa.

Da satha ta sauke motar a warsha, Abu Faisal ya zo da kansa, ɗansa na bayansa. Na cire tayar gaba a gabansu na juya faifan. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: sawun takalmin birki, da kusurwoyinsa da komai, kamar an buga hatimi. Ɗaya gefen ma haka. Da ya dawo mini da ita washegari, da na goge tudun da takardar yashi ko in sa a ɗan feƙe fuskar faifan, a wuce wurin. Amma ya je ya yi ta dukansa da zafi a halba, ƙarfen da ke ƙarƙashin tabon ya ƙone ya yi tauri, ba abin da zai gyara shi. Na sa yatsa a kan tabon na ce faifan nan bai lanƙwashe ba, an tsaya ne da ƙafa a kan birki yana da zafi, kuma an daɗe a tsaye. Na dubi Faisal na tambaye shi inda ya tsaya.

"Wallahi ma wagaft," in ji shi, wato ya rantse bai tsaya ba.

Na juya wajen ubansa ina jiran ya yi magana. Abu Faisal ya daɗe yana kallon faifan, ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Haruna, yaro ya rantse. Tsufa ba laifi ba ne. Ka sa masa wanda yake so." Na ce mai huji ba da hannuna ba, ko zai kore ni. Ya ce to zai yi tunani a kan maganar iƙama. Ya faɗe ta a hankali, ko muryarsa bai ɗaga ba, ya shiga motarsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na haɗu da Malam Tanko, wani dattijo cikin masu zama a ƙofar gonar dabino. Bai san komai a kan bidiyo ba, wayarsa ta kira ce kawai. Ya riƙe hannuna yana murna, ya ce ashe yaron nan Faisal ya yi hankali. Ya ce Alhamis ɗin makon jiya suna zaune sai suka ga baƙar mota tana ta kai da kawo a doguwar hanyar da ke bayan gonar, tana gudu tana ragewa. Can sai ta zo ta tsaya a gabansu, tana wari kamar an ƙona tsumma, hayaƙi na fita ta tayoyin gaba. Yaron ya sauke gilashi ya gaida ubansa da Hausa, ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafar da ke ciwo. Su kuma suka yi ta ja masa gaisuwar don daɗin jin Hausa a bakinsa. Ya ce har ƙwalla ya gani a idon Usman. Na tambaye shi ko yaron ya fito daga motar. Ya ce a'a, yana zaune, injin na kunne, fitilun baya jajawur, alamar ƙafarsa na kan birki.

Ban ci abincin rana ba. Na tafi Ƙurban na sami Abu Faisal a majalisinsa shi kaɗai. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, don a ranar na tsani gaisuwa. Na ce, "Abu Faisal, a gabanka ya tsaya. Kana tsaye a warsha ya rantse, kai kuwa ka san a gabanka ya tsaya."

Bai musa ba. Ya zuba mini gahawa, ban karɓa ba, ya ajiye. Ya ce, "Tun yana yaro nake jiran ranar da zai tsaya ya gaishe ni da harshen ubana a gaban mutane. Sau ɗaya ya yi, Haruna. Kana so in kira shi in ce masa wannan gaisuwar ce ta kunyata shi a gaban abokansa, kuma shi maƙaryaci ne? Ba zai sake tsayawa ba har in mutu."

Na ce to ni fa, sunana fa. Ya ce suna yana dawowa, ɗa ba ya dawowa. Sannan ya shimfiɗa mini abin da ke ransa. Ba zai iya ci gaba da ajiye ni a warsha ba, don kullum yaron ya gan ni zai tuna. Amma in na bar maganar a ɗakin nan, zai sa hannu a mayar da iƙamata wajen wani abokinsa mai warsha a Aƙiƙ. In kuwa na fita da ita, to in fara haɗa kayana. Na dube shi, mutumin da muka ci gurasa da shayi tare a shekarar annoba. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na auna sunana, na auna Baƙi'a. Baƙi'a ta fi nauyi, na tashi na fita, shi ma ya gane amsar ke nan.

Haka na dawo Aƙiƙ da furfurata ina canja wa motocin haya takalmi, ina jin samari na nuna ni da baki, wai ga tsohon da ya lanƙwasa faifan Faisal. Ba wanda ya kawo mini motar halba na tsawon lokaci. Sannu a hankali suka fara dawowa, ba don an wanke ni ba, sai don sun zaga sun sha wuya a wasu wuraren. Ni kuma na kafa doka: duk motar da na ɗaura wa birkin tsere, ko ta ɗan wane ce, ina zaune a gefen direba har faifai ya huce. Wanda bai yarda ba ga hanya nan. In muka ci karo da dattijon da ya kamata a gaisar, ni nake zuro kaina ta taga in ƙwala gaisuwa mota na tafiya. Akwai tsofaffin da ke cewa Haruna ya tsufa bai san ladabi ba. Su faɗa.

Abu Faisal ya rasu bara, an kai shi Baƙi'a, na bi gawarsa. Na yafe masa, don ba na so in je can in tarar da shari'a tana jirana da maƙwabci. Da rasuwarsa alkawarin shiruna ya faɗi, shi ya sa kuke jin labarin nan yau.

Watanni bayan rasuwar, Faisal ya shigo warshar Aƙiƙ da wata sabuwar mota. Ya yi ƙiba, yana da 'ya'ya biyu. Bai nuna mini hoton komai ba, ya ce in zaɓa. Na so in ce ya fita, amma mota ba ta yi mini laifi ba, kuma na san inda zai kai ta in na ƙi. Na goge mazauni, na kafa agogo, na ɗaure noti. Da na buɗe ƙofar gefe na zauna bai hana ni ba. Hanyar bayan gonar ya ɗauka, don har yanzu ita ce ba kowa. Muka yi takun birki na hankali, muka yi na ƙarfi, wari ya cika motar. Muna cikin tafiyar hucewa sai ga ƙofar gonar, ga Malam Tanko da sauran dattawan a kan tabarma, ga wurin zaman ubansa ba kowa. Na ga ƙafarsa ta tashi daga totur ta nufi birki.

"Ɗauke ƙafarka," na ce.

Na zuro kaina ta taga na ɗaga hannu biyu na ƙwala musu ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, har muka wuce suna bin mu da kallo. Na dawo da kaina ciki. Mun yi nisa, sannan ya ce, da Hausa, a hankali yana neman kalmomin:

"Kawu Haruna. Ranar nan na tsaya."

"Na sani," na ce. "Ubanka ma ya sani."

Ya juyo ya dube ni, motar ta fara rage gudu. Na buga masa cinya na nuna masa hanya.

"Ci gaba da tafiya. Faifan bai huce ba tukuna."